Tsofaffin faya-fayan Bach da Handel: da wanne mai tarawa zai fara?

Tambaya: Na gaji akwatin faya-fayan garmaho daga kawuna, wanda ya daɗe a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma yawancinsu waƙoƙin ibada ne na Bach da Handel, Jamusawa biyu masu tsara kiɗa. Idan na gwada su da na yanzu, sai in ji tsofaffin suna jan jiki, ga kuma ƙaiƙayin sauti, wato hayaniyar da ke bin waƙar. Shin suna da wata daraja, kuma ta yaya zan ci gaba da tarawa?

Amsa: Suna da daraja ƙwarai, malam, amma sai ka san abin da suke ba da shaida a kai. Tsohon faifai ba ya nuna yadda waƙar ta kasance a zamanin Barok, wato zamanin da Bach da Handel suka rayu, domin Bach ya rasu a 1750, Handel kuma a 1759, fiye da shekara ɗari kafin a iya ɗaukar sauti. Abin da yake nunawa shi ne yadda mutanen shekarar da aka ɗauke shi suka fahimci waƙar, da irin muryoyinsu da irin ibadarsu. A 1888 an ɗauki wani ɓangare na waƙar Israel in Egypt ta Handel a Crystal Palace da ke Landan a kan silindar kakin zuma, da mawaƙa wajen 4,000, alhali a takardar da Bach ya aika wa majalisar birnin Leipzig a 1730, mutum uku ko huɗu ya nema ga kowace murya, wato kowane rukunin mawaƙa daga masu siririyar murya zuwa masu kauri. Jan jikin da kake ji yana da tushe a nan, domin babban taro ba ya iya juyawa da sauri.

Shawarata ita ce ka zaɓi aiki ɗaya ka bi shi shekara bayan shekara, maimakon ka tsinci kowane faifai da ya faɗo hannunka. Wanda ya fi dacewa shi ne Matthäus-Passion, waƙar shan wahalar Almasihu bisa Linjilar Matiyu, wadda Bach ya shirya wa cocin Thomas a Leipzig, mai tsara kiɗa Mendelssohn kuma ya farfaɗo da ita a Berlin a 1829. Ka fara da ɗaukar da Willem Mengelberg ya jagoranci mawaƙa da makaɗa a zauren Concertgebouw na Amsterdam, ranar Lahadin da ke gaban Ista ta 1939, wata biyar kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Turai. An datse sassa da yawa, kuma Mengelberg yana jan ƙarshen kowane layin waƙar jama'a har ka ɗauka numfashin mawaƙan zai ƙare. Masana na yau suna kushe wannan, kuma suna da hujja. Duk da haka, ka saurari mawaƙi Karl Erb a matsayin mai ba da labari a wurin da Bitrus ya yi musun Ubangijinsa ya fita yana kuka mai zafi, sannan goge ya shigo yana zamewa daga wannan sauti zuwa wancan kafin mawaƙiya Ilona Durigo ta fara roƙon jinƙai. Ni dai ban taɓa jin wanda ya faɗi waɗannan kalmomi kamar labarin ya faru a gabansa irin Erb ba, kuma saboda wannan kaɗai ba zan rabu da faifan ba.

Daga nan sai faifan jagora Karl Richter na 1958 a Munich, wanda ya tsaurara tafiyar, ya kuma rera aikin cikakke. Otto Klemperer, a farkon shekarun 1960, ya ɗauki kusan minti 12 a waƙar buɗewa kaɗai, wadda mafi yawan jagororin yanzu suke gamawa cikin wajen minti 7. Canjin gaske ya zo a 1970, lokacin da Nikolaus Harnoncourt ya ɗauki aikin da kayan kiɗa irin na zamanin Bach da muryoyin yara maza. A 1982 Joshua Rifkin ya wuce nan, ya ɗauki wani aikin Bach, Mass in B minor, da mawaƙi ɗaya ga kowace murya, abin da har yau ake jayayya a kansa. Idan kana da Messiah ta Handel wadda Thomas Beecham ya jagoranta a 1959, da kugenta da ƙarin kayan busa da Handel bai rubuta ba, ka riƙe ta, domin ita ce ƙarshen wancan tsohon salo.

Batun ƙaiƙayi kuwa, ka fara duba allurarka. Faifai mai juyi 78 a minti ɗaya yana da layi mai faɗi fiye da na dogon faifai da ya fito a 1948, saboda haka siririyar allura tana nutsewa har gindin layin ta kwaso hayaniya. Faya-fayan masu juyi 78 an yi su da shelak ne, wani irin ƙaro da sifirit ke narkar da shi, don haka kada ka goge su da shi. Ka jera su a tsaye, nesa da rana da ƙurar hunturu. Kowane gefe yana ɗaukar kamar minti huɗu ne kawai, wanda yana cikin dalilan datse-datsen da za ka tarar. Idan za ka sayi tsohuwar ɗauka da aka sake fitarwa, kamar waɗanda kamfanin faya-fayai na Naxos Historical ya yi, ka zaɓi wadda aka bar mata ɗan ƙaiƙayinta, domin injiniyan da ya share hayaniya gaba ɗaya yakan share saman muryoyin mata da na yara tare da ita.