In ɗan siyasa ya zagi 'yan jarida, ga yadda ake fassara shi

Kai yaro, ka tambaye ni wai in ɗan siyasa ya zagi 'yan jarida da irin sababbin kalmomin nan ya za ka fassara a labarai, ko kawai ka tsallake wurin. Tsallakewa kuma? To me ka zo koyo kenan. Ba zan tsaya koya maka buɗe ƙamus ba, wanda bai iya wannan ba gara ya koma gida tun wuri.

Kowane zagi da nauyinsa, kai aikinka ka auna shi ya fito daidai a Hausa sannan ka manna shi a bakin mai shi. Ɗauki Lügenpresse ta Jamusawa, a zahiri jaridar ƙarya ce, amma 'yan Nazi sun sha jifan jaridu da ita, masu zanga-zangar Pegida, ƙungiyar masu ƙyamar Musulunci da baƙin haure, suka tono ta a birnin Dresden a 2014 har masana harshe a can suka ce ita ce kalma mafi muni ta shekarar. In ka ce jaridar ƙarya kawai ka wuce ba ka faɗi asalinta ba, ka zubar da rabin kayan a hanya. Haka da Trump ya kira wasu kafafe maƙiyan al'ummar Amurka a Fabrairun 2017, ai da lafazin maƙiyin al'umma aka riƙa ɗaure mutane zamanin Stalin, shugaban Tarayyar Soviet. Sai presstitute da wani ministan Indiya V.K. Singh ya faɗa a 2015, an haɗa kalmomin Turanci na jarida da karuwa ne aka yi kalma guda. Wannan ta ƙarshen ita ce ta sa ma na kula ka, don har yau in na ji ta raina ɓaci yake.

Wani yaron ɗan siyasa ne ya kawo min jawabin ogansa na Turanci da dare in fassara, shafi huɗu, wai da asuba za a sa a rediyo. A ciki ogan ya ce wasu 'yan jarida dillalan labaran ƙarya ne, na rubuta masu sana'ar labaran ƙanzon kurege, daidai wa daida. Yaron ya karanta ya yatsina fuska wai Malam ba zafi, oga yana so ta yi zafi. Na ce abin da aka rubuta shi na fassara. Ya ce to ba komai, ya naɗe takardar ya ce kuɗi sai da safe. Ni kuma da wautata, shekara nawa ina aikin nan, ban ajiye kwafi ba, rubutun hannu ne guda ɗaya tilo na miƙa masa.

Da safe ina jin rediyo sai na ji karuwan jarida. Ashe biro ya sa ya soke nawa ya rubuta nasa a sama. Gari ya ɗau zafi, 'yan jarida suka ce sai an ba su haƙuri, kafin la'asar ogan ya fito wai shi bai taɓa faɗin haka ba, kuskuren mai fassara ne, ga Turancinsa nan kowa ya duba. Kuma gaskiya ne babu ita a Turancin! Ni da me zan kare kaina? Kuɗina ban gani ba har yau, gidan rediyon da nake wa aiki suka daina kirana kusan shekara biyu, wani edita da muka taso tare in na yi masa sallama sai ya kalli agogo. Yaron kuwa gaba ma ya ci.

Ku yaran yanzu abin naku ya fi ban tsoro, kalma ta fito a TikTok jiya yau kun cusa ta a kanun labari don a yi ta sharing, wai an yi wuff, wai 'yan data, ba ku tambayar wa ya ƙirƙiro ta kuma wa ake jifa da ita. Ranar nan na ga ka rubuta 'yan jaridar bogi babu inji wane a gaba, kamar tashar ce ta yanke hukunci. Je ka gyara shi yanzu, ka ɗau hoton takardar da wayar nan taka da ba ta rabuwa da hannunka, ka turo min kafin ka miƙa wa kowa.