Tambaya da Amsa: Ƙwayar da ke cinye ƙwayar cuta

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Mahaifina yana da ciwon sukari, kuma gyambon ƙafarsa ya kai wata huɗu bai warke ba, ko da yake an canza masa maganin antibiyotik har sau uku. Na ji a rediyo cewa ana amfani da wata ƙwayar birus wajen kashe cutar da ta gagari magani. Shin za mu same ta a nan? Daga wata mai karatu a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika ji gaskiya ne. Sunanta bakteriyofaj, kuma aikinta shi ne ta liƙe wa bakteriya, wato ƙwayar cutar da antibiyotik ke yaƙa, ta hayayyafa a cikinta har ta fasa ta, ba tare da ta kama ƙwayoyin jikin mutum ba. Ba sabon abu ba ne: Félix d'Hérelle ya bayyana ta a Cibiyar Pasteur ta Faransa a 1917, kuma cibiyar Eliava da aka kafa a Tbilisi ta ƙasar Jojiya a 1923 tana magani da ita har yau. Yaɗuwar maganin antibiyotik na fenisilin a shekarun 1940 ce ta sa Yammacin duniya ya yi watsi da ita.

Wahalarta kuwa zaɓen abinci ne da ita, domin kowace iri tana da bakteriyar da take ci, don haka sai an ɗebi mugunyar gyambon, an rene ta a ɗakin gwaji, sannan a nemo wadda ta dace da ita. Wannan ne ya ɗaure wa hukumomin magunguna kai, tun da sun saba tantance magani guda da za a ba kowa, ba halittar da ake sauyawa daga majinyaci zuwa majinyaci ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a sayar da ita a matsayin maganin mutane ba, sai dai ta ba da izinin musamman idan sauran magunguna sun kasa, yayin da Beljiyam tun 2018 ta yarje wa masu haɗa magani su shirya ta da sunan majinyaci guda bisa takardar likita.

Saboda haka ba za ki same ta a kantin magani a Maradi ba, kuma duk wanda ya ce yana da ita ki yi hattara da shi. Ki roƙi likitan Baba a yi gwajin mugunyar, wanda ake kira antibiyogram, domin a gane maganin da bakteriyar gyambon ke ji, a daidaita sukarinsa, kuma kada a ƙara saya masa kafso a hannun masu talla.