Tambaya da Amsa: Ina Zan Samu Tallafin Biyan Malamin Lesin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 ya koma baya sosai a lissafi, har malamin ajinsu ya ba ni shawarar in ɗaukar masa malamin lesin da zai riƙa koya masa a gida. Abin da nake samu da ƙyar yake isar kuɗin makaranta da hidimar gida. Shin akwai inda ake samun tallafin irin wannan karatu, ko kuwa in ci bashi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yi wa yaron albarka. Shawarata ta farko ita ce ki jinkirta batun bashi, musamman mai kuɗin ruwa, domin kuɗin lesin wata-wata ake biyansa, kuma idan aka fara da rance sai ya zama ana biyan malami ana biyan mai bashi a lokaci guda.

Kafin ki nemi taimakon kowa, ki koma wurin malamin da ya ba ki shawarar, ki roƙe shi ya fayyace miki ainihin inda yaron ya tsaya. Cewa ya koma baya a lissafi magana ce mai faɗi, alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce abu ɗaya ko biyu ba, kamar rabawa ko haddar jadawalin ninkawa, waɗanda sauran darussa suka ginu a kansu. Wannan bayani shi ne zai rage miki yawan kuɗin da kike nema. Gidauniyar Education Endowment Foundation ta Ingila, wadda ke tattara sakamakon bincike kan hanyoyin koyarwa, ta nuna cewa koyar da yaro shi kaɗai yakan ƙara masa cigaban da ya kai na kimanin wata 5 a shekara, koyarwa a ƙaramin rukuni kuma na kimanin wata 4. Ta kuma nuna cewa gajeren zama na kamar minti 30, sau 3 zuwa 5 a mako, na tsawon lokacin da bai wuce mako 10 ba, ya fi haifar da sakamako. Ke nan ba lallai ne ki ɗauki nauyin shekara guda ba, kuma idan kika haɗa kai da iyaye biyu ko uku waɗanda 'ya'yansu ke da matsala iri ɗaya, kuka raba kuɗin malami guda, abin da yaron zai rasa kaɗan ne. A ganina wannan ita ce hanya mafi kusa ga mafi yawan iyaye, da sharaɗin kada rukunin ya wuce yara biyar.

Game da tallafi kuwa, makarantar ce ƙofar farko. Ki tambayi shugabanta ko suna da ƙarin darasi bayan tashi, ko wani asusu na ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai da aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi. Irin wannan asusu ba kasafai ake shelanta shi ba, sai wanda ya tambaya yake sani. Ki bincika a ofishin ilimi na yankinku ma, domin gwamnatoci kan fito da shiri na wucin gadi. Ingila, alal misali, ta tallafa wa makarantu da kuɗin ƙarin koyarwa daga 2020 zuwa 2024 saboda karatun da annobar korona ta katse. Bayan nan sai ƙungiyoyin addini da na jin ƙai, da kuma wurin aikinki idan akwai asusun walwalar ma'aikata.

Duk inda za ki miƙa buƙata, ki tafi da sakamakon jarrabawar yaron, da takarda daga malaminsa, da bayanin adadin makonni da jimillar kuɗin. Mai bayarwa, ko da ɗan'uwanki ne na jini, ya fi sakin hannu idan ya ga buƙatar tana da iyaka, kuma hankalinsa ya fi kwanciya idan aka ce ya biya malamin kai tsaye. Ki kiyayi duk wanda ya nemi ki fara biyan kuɗin rajista kafin a ba ki tallafi, domin wannan sananniyar dabarar 'yan damfara ce.

Kada kuma ki ji nauyin yi wa malamin lesin maganar ragi ko biya kashi-kashi. Ɗaliban kwalejin horar da malamai da malaman da suka yi ritaya sukan karɓi abin da bai kai na sauran ba. Idan kina da waya mai intanet, darussan lissafi na shafin koyarwa na Khan Academy kyauta ne, sai dai yaro mai shekara 11 yana buƙatar babba ya zauna kusa da shi yana duba abin da yake yi. Ki kuma nemi malamin aji ya gwada yaron kafin a fara lesin, ya sake gwada shi bayan mako shida, domin sakamakon nan shi ne zai gaya miki ko a ci gaba ko a sauya malami, kuma shi ne za ki nuna wa wanda ya taimaka idan kina buƙatar ya ƙara zango na biyu.