Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tsohuwar Marsandi Ke Harbi Ta Salansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Marsandi 280E ƙirar 1982 wadda na gada daga mahaifina, ta yi shekaru a ajiye kafin na tayar da ita. Tana tafiya lafiya, amma duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur, musamman a gangara, sai ta riƙa harbi ta salansa kamar bindiga. Makanikina ya ce a cire na'urar fesa man a sa mata kafireta a huta. Shin in yarda? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Malam, kada ka yarda tukuna, domin sau da yawa laifin ba ya wurin na'urar fesa mai, kuma wanda ya cire ta bai gano asalin matsalar ba yana iya tarar da harbin nan bayan ya kashe kuɗi ya kuma rage wa motar daraja.

Injin motarka shi ne M110 mai silinda 6, kuma yana aiki da tsarin K-Jetronic da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1973. Babu kwamfuta a cikinsa. Iskar da inji ke zuƙa ce take motsa wani faifan ƙarfe, shi kuma faifan ya motsa sandar da ke cikin marabar mai, wadda take aika wa kowane nozul rabonsa da matsin da ya kai kimanin bar 5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi). Harbi yana faruwa ne idan man da bai ƙone a silinda ba ya fita zuwa salansa mai zafi, ya tarar da iska a can, ya kama da wuta.

Tunda ka ce sai ka saki totur take yi, a fara duba salansar kanta, domin a daidai wannan lokacin ne ƙaramar kafa ke zuƙo iska daga waje. Da safe, kafin inji ya yi zafi, a tayar da shi a fili, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, kai kuma ka kasa kunne kusa da manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga silinda, da mahaɗan bututu. Inda ka ji huci, ko ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a gefen gasket, nan ne kafar take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ko da babu harbi, saboda hayaƙin da ke yoyo a ƙarƙashin mota yana iya shiga inda fasinja suke.

Idan salansa lafiya take, sai a koma ga wuta. A cire fulogai a jera su bisa tsarin silinda: wanda ya yi fari fat yana nuna ƙarancin mai, wanda ya jiƙe kuma yana nuna ba ya kama wuta. A duba wayoyi da murfin distiributa, a tabbatar an jera su 1-5-3-6-2-4, sannan a auna tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, da fitilar awo, ba da kunne ba. Wutar da ta makara tana barin mai yana ci har bawul ya buɗe.

A ganina inda aka fi samun matsalar irin wannan mota a ƙasarmu shi ne robobi. Duk iskar da ta shiga inji ta bayan faifan nan ba a lissafa ta ba, don haka mai yakan yi kaɗan, konewa ta yi rauni. Zafi da bushewar hunturu na shekara arba'in sun isa su tsattsaga robar da ke haɗa faifan da maƙogwaron totur, da ƙananan tiyo, da zobban da ke riƙe nozul. A lanƙwasa kowace da hannu a duba, domin tsagar ba ta bayyana sai an matsa.

Bayan haka ne ake zuwa ga mai. Motar da ta daɗe a ajiye tankinta kan yi tsatsa, kuma wannan tsari ba ya jure datti ko man bumburutu mai ruwa. A wanke tanki, a canza filta, a sa ma'aunin matsi a kan layi. Akwai wata ƙaramar na'ura mai daidaita matsi gwargwadon zafin inji, wadda ya kamata ta nuna kusan bar 3.5 idan inji ya ɗumama. Idan rariyar cikinta ta toshe, matsin yakan haura, mai ya ragu. A gwada nozul ɗaya bayan ɗaya a cikin kwalba, nesa da wuta: nozul mai kyau yana fesawa kamar hazo, lalatacce kuwa ɗiga yake yi.

Bawul ɗin wannan inji da hannu ake saita su, kuma na fitar hayaƙi idan ya matse ko ya ƙone yana jawo harbi, saboda haka a gwada kwamfireshan na kowace silinda.

Roƙona ɗaya shi ne kada kowa ya taɓa sukurun daidaita mai da ke tsakanin faifai da marabar mai, wanda ake juyawa da makulli mai milimita 3, sai an gama duk waɗannan, kuma sai a garejin da ke da na'urar auna hayaƙi. Ɗan juyi kaɗan yana sauya tafiyar injin gaba ɗaya. Ka nemi tsohon makanikin Marsandi da ya san wannan tsari, ka tambaye shi ko yana da ma'aunin matsin mai kafin ka bar masa makulli.