Wa Ke da Hurumin Yanke Hukunci a Kan Gawar Mamaci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu a wani asibiti a nan Jos da daren Laraba, bayan ya shafe fiye da shekara 40 yana zaune a Gangare. Baffanmu, yayan mahaifin namu, ya ce lallai a kai gawar garinmu na asali a ƙasar Katsina, domin a can iyaye suke kwance. Ni ne babban ɗa, kuma na bi ra'ayin mahaifiyarmu, aka yi masa sutura da hantsi a maƙabartar Zaria Road. Yanzu Baffa ya daina amsa gaisuwarmu, yana cewa mun ƙwace masa haƙƙi, har yana zancen a tono shi. Shin na yi laifi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Da farko, ɗana, gawar Musulmi ba dukiya ba ce, ba ta shiga gado, kuma babu mai mallakarta. Abin da shari'a ta ba dangi shi ne walicci, wato amanar tsayawa a yi wa mamaci wanka da likkafani da salla da binnewa, ayyukan da suke farilla ce ta kifaya a kan al'umma, ma'ana idan wasu suka yi sun ɗauke wa sauran. Saboda kada a yi jayayya a kan makara, malamai sun jera waɗanda ke gaba da waɗanda ke baya.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ya fi cancantar limancin jana'iza shi ne mutumin da mamaci ya yi wasiyya da shi don fatan albarkar addu'arsa. Idan an gane ya yi wasiyyar ne don ya muzanta waliyyinsa saboda wata gaba, ba a aiki da ita. Bayansa sai shugaban Musulmi idan ya halarta, sannan dangi maza ta wajen uba bisa kusanci: ɗa, sai ɗan ɗa, sai uba, sai ɗan'uwa, sai ɗan ɗan'uwa, sai kaka, sai baffa. Ka lura cewa a wannan jeri ɗa yana gaba da mahaifin mamaci ma, ballantana yayansa. Shekaru suna jawo girmamawa, amma ba su sauya wannan tsari. Kuma abin da nake gani shi ne, wanda shari'a ta gabatar a wajen salla shi ne ya fi cancantar yanke magana a kan wurin binnewa idan aka kasa daidaitawa.

Mahaifiyarku ma tana da nata hurumin, wanda mutanenmu da yawa ba su san shi ba. A wajen wanka miji da mata su ne kan gaba a kan kowa, kuma Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Asma'u 'yar Umais ce ta wanke mijinta Sayyidina Abubakar. To, macen da shari'a ta kai wannan matsayi, bai dace a ware ta ba lokacin da ake shawarar inda za a kwantar da mijinta.

Buƙatar Baffanku a kan kanta ba haramun ba ce, kuma kada ka raina ta. A Muwaɗɗa an ambaci cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu sun rasu a Aƙiƙ aka ɗauko su aka binne a Madina, shi ya sa malamanmu suka halatta ɗaukar gawa zuwa wani gari idan akwai maslaha, kamar a binne mutum cikin danginsa, da sharaɗin gawar ba za ta lalace ba kuma ba za a keta alfarmarta ba. Sai dai Aƙiƙ a gefen Madina take, alhali daga Jos zuwa ƙasar Katsina tafiya ce ta sa'o'i masu yawa a mota. Manzon Allah (SAW) ya yi umurni da gaggauta jana'iza a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka fitar, kuma ya sa aka mayar da shahidan Uhudu inda suka faɗi bayan danginsu sun fara ɗauke su zuwa Madina. Da marigayin ya bar wasiyya bayyananniya cewa a kai shi gida, da ya kamata a cika masa muddin babu cutarwa, amma ba ka ambaci haka ba.

Hukuma ce kaɗai take iya dakatar da waliyyi, kamar idan ana zargin kisa 'yan sanda suka nemi likita ya binciki gawa, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) a Makka ta halatta irin wannan bincike a 1987 idan larura ta kama. Wannan bai shafi lamarinku ba.

Zancen tono kuwa, ina roƙon a bar shi kwata-kwata. Kabari ya zama gidan wanda ke ciki, ba a buɗe shi sai da larura mai ƙarfi, kamar ruwa ya yi barazanar cinye shi ko an binne mutum a filin da aka ƙwace. Hadisin Nana A'isha ya nuna cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma ɓacin ran ɗan'uwa ba ya cikin dalilan da ke halatta wannan.

Saboda haka ba ka yi laifi ba, kuma jana'izar ta inganta. Amma Baffanku ƙaninsa ya rasa, kuma ina kyautata zaton zafin rashin ne ke magana a bakinsa. Ka ɗauki limamin unguwarku da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku je har gida, ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan abin da ya sosa masa rai ba tare da ka tsaya kafa masa hujja ba, ka bar limamin ya yi masa bayanin hukuncin, sannan ka roƙe shi ya zo Jos ka raka shi kabarin ya yi wa ɗan'uwansa addu'a.

Wallahu a'alam.