Na taɓa kuɗin baiko, ga lissafin kaka ya matso

Inna,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni ɗalibi ne a makarantar Littafi Mai Tsarki a nan jihar Maraɗi, shekarata ta uku, da mata da ƴaƴa biyu. Tun watan Afrilu makaranta take tura ni wani ƙauye wajen Madarumfa kowace Lahadi. Ikilisiya ce ƙarama, manya ba su kai 30 ba, babu fasto, sai dattawa biyu da ba su yi lakwal ba, wato karatun boko. Da yake ni ne mai karatu, suka damƙa mini gwangwanin baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a sujada, da littafinsa.

Da fari kuɗin kabu-kabu nake zara, wani mako jika ɗaya, wato faran dubu, wani mako rabi, da niyyar in rubuta, ban rubuta ba. Cikin Agusta masassara ta kwantar da babban ɗanmu, na ɗebi jika 14 don magani da ƙarin ruwa. Yaro ya tashi, mun gode Allah. Yanzu dattawa sun ce ranar godiyar kaka za a buɗe littafi gaban jama'a, saura mako biyar. Matata ba ta sani ba. Wani abokin karatuna ya ce in ranto in cika gwangwani, magana ta mutu. Inna, in na tsaya wa'azi bakina nauyi yake yi. Yaya zan yi?

Ɗanki, daga Maraɗi

Ɗana,

Sannu da jinya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Shawarar abokinka kuwa, ajiye ta. In ka ranto ka cika gwangwani, kuɗi sun koma amma littafi bai gyaru ba, kuma ba ka ma san nawa za ka cika ba tunda ba ka rubuta ba. Ga bashi ka ɗauko wajen mutumin da ya san asirinka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Fara da lissafi, yau da dare. Ɗauki kalanda ka jera duk Lahadin da ka je ƙauyen tun Afrilu. Gaban kowace ka sa abin da aka tara da abin da ka zara. Wadda ka manta, sa adadi mafi yawa, kada ka yi wa kanka ragi. Kuɗin hanya shafinsa daban, kuɗin magani shafinsa daban, don ba hukuncinsu ɗaya ba. Na hanya hakkinka ne da ya kamata a yanka maka tun ranar farko. 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Laifinka a nan shi ne ka biya kanka da hannunka. Rubuta jimillarsa ka bar dattawa su yanke, ko su yafe ko su ce a mayar. Jika 14 kuwa bashi ne tsantsa, ba a nema masa wani suna.

Sai faɗa, kuma akwai wanda ake fara faɗa wa. Matarka tukuna, domin daga rumbunta za a biya, kuma bai kamata ta ji a bakin zumuntar mata ba. Bayanta malamin da ke kula da aikin ɗalibai a ƙauyuka. Je ka da takardar lissafin a hannu, cikin wannan makon. Shi zai raka ka wurin dattawan nan biyu, ku zauna ku huɗu a zaure, ba ranar Lahadi ba. Kada ka miƙe tsakiyar sujada ka yi ikirari da kuka gaban mata da yara da baƙi. Ko za a sanar da jama'a, da yadda za a sanar, wannan na dattawa ne. Gajerta magana: na ɗauki kaza, ran kaza, don kaza, ban nemi izini ba, ga yadda zan biya. Rashin lafiyar yaro ka ambace shi sau ɗaya. In ka maimaita ya zama kariya.

Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa a sa ka ƙarƙashin horo, a sauke ka daga wa'azi na ɗan lokaci, ko makaranta ta rubuta a takardunka. Amma wanda ya kawo kansa saura mako biyar da wanda aka kama ranar lissafi ba a yi musu kallo ɗaya. Ka kuma tuna inda kake. A ƙauyukan Maraɗi masu bi ƴan kaɗan ne, maƙwabta Musulmi sun san kowa da sunansa, kuma abin da aka gani wurin mai wa'azi shi ake ɗora wa ikilisiya duka. Shi ya sa 1 Timoti 3:7 ta sa shaidar mutanen waje cikin sharuɗɗan shugaba.

Biyan kuma kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Kai wani abu a hannu ranar zaman, ko jika 4 ne, sauran jika 10 a raba, jika biyu kowane wata, a rubuta, kowane biya dattijo ya dangwala yatsa. In da hatsi za ka biya, a auna da tiya gaban shaidu, a yi masa kuɗi da farashin kasuwar wannan makon. Sai dai ka yi hattara: da kaka hatsi ya fi arha, buhu mai tiya 40 da za ka zubar yanzu shi za ka saya da tsada in damina ta kama. Kada kunya ta sa ka share rumbu, watan Yuli ka sake kallon gwangwani.

Yanzu gwangwanin kansa. Dattawanka sun yi kuskure da suka haɗa wa mutum ɗaya wa'azi da ajiya da rubutu, ɗalibi kuma, wanda ba shi da albashi. Karanta 2 Sarakuna 12:9-10. Firist Yehoyada akwati ya samo ya huda murfinsa, in ya cika mutum biyu ke ƙirgawa, magatakardan sarki da babban firist. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka ta, kamar yadda 2 Korintiyawa 8:19-21 ta nuna. Roƙi dattawa a yi haka: akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, kowane dattijo da makullinsa. Ana tashi daga sujada mutum biyu da ba gida ɗaya ba su ƙirga a kan tabarma, kafin kowa ya fita. Rashin lakwal ba ya hana ƙirga kuɗi; matan da ke riƙe adashi sun fi ka iya wannan. Kai naka rubutu kawai, ka karanta adadin da ƙarfi, su sa yatsa.

Littafin ya zama mai layi biyar: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, dalili, saura. Da biro, ba fensir ba. Kuskure a ja masa layi ɗaya, kada a goge, kada a yage shafi. Ga inda littattafan ikilisiyoyin ƙauye suka fi rikicewa: baki yana ƙirga da dala, takarda tana ɗauke da faran. Dattijo ya ce “ɗari”, yana nufin dala 100, wato faran 500, mai rubutu ya sa 100, bayan wata shida a ce an ci kuɗi alhali ba wanda ya ci. Rubuta lambar da ke jikin kuɗin, koyaushe, ka sa wannan ƙa'ida a shafin farko.

Ranar godiyar kaka ba kuɗi kaɗai za a kawo ba, za a zo da damman hatsi, wake, gyaɗa, har kaji. Su ma a ƙirga a rubuta nan take, dami nawa, tiya nawa. Kaji a sayar a ranar gaban kowa. Waken in za a ajiye, a shanya shi ya bushe sarai a zuba a buhun PICS, buhun nan mai ledoji biyu a ciki da ke hana iska shiga, a ɗaure ledoji biyun ciki ɗaya bayan ɗaya sannan na waje, in ba haka ba kafin Ista ƙwari sun mai da shi gari. Kada ko tiya ɗaya ta kwana a ɗakinka.

A zaman nan kuma ka nemi abu biyu a rubuce: kuɗin hanyarka na kowace Lahadi, da ƙa'idar taimakon mara lafiya, wato wa ake tambaya, nawa ne iyaka, kyauta ne ko rance. Makullin gwangwanin kuwa, miƙa shi tun kafin ku fara magana.

Inna