Ɗiyata, Ga Amsar Tambayar da Kika Kasa Yi a Waya

Saƙonki ya iso ni shekaranjiya bayan isha'i. Sai da na karanta sau uku kafin na gane inda kika dosa, saboda kwana-kwanar da kika yi ta yi. Abin da na tsinta shi ne: maigidanki ya nemi wani lokaci ke ki riƙa kasancewa a sama idan kuna shimfiɗa, kin noƙe, sannan wata ƙawarki ta ce miki haramun ne, ba halin 'yar mutunci ba ne, yana hana ɗaukar ciki, in ma an samu cikin yaron harara-garke zai fito. Kina tambaya ko al'adarmu ta yarda da haka.

Gara da kika kawo maganar wurina. Uwarki ba za ta iya ba, ke ce ta fari, ko sunanki ba ta kamawa. Wannan aikin gwaggo ne tun kaka da kakanni.

Mu fara da haramcin, tunda shi ya fi tsaya miki a rai. Ɗauko Alƙur'aninki mai fassara ki buɗe Suratul Baƙara, aya ta 223, inda Allah Ya ce matanku gonaki ne a gare ku, ku je wa gonakinku ta yadda kuka so. Dalilin saukar ayar ma zai ba ki dariya. Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa Yahudawan Madina suna cewa idan mutum ya sadu da matarsa ta gabanta amma ya zo mata daga baya, ɗan zai fito harara-garke. Ayar ta sauka ta rushe wannan zance. Kin ga ke nan maganar ƙawarki ta haura shekara 1400 tana yawo, riga kawai ta sauya. Abin da aka hana sananne ne: dubura, lokacin haila, jinin biƙi, da rana a watan azumi, da kuma in an ɗaura harami. Wane ne a sama, wane ne a ƙasa, ba ya cikin lissafin.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai malaman da suka ƙi abin. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya rubuta a Zadul Ma'ad cewa wannan ce mafi munin kwanciya. Mafi yawan hujjarsa ta likitancin zamaninsa ce, yana ganin ruwan namiji ba ya gama fita sai ya cutar da shi. Ra'ayi ne na babban malami, muna girmama shi, amma bai kawo aya ko hadisin da ya haramta ba, likitancin yau kuma bai tabbatar da wannan cutarwar ba. Na san daga irin wannan ne zancen ya biyo bakin wasu masu wa'azi har ya zama "haramun" a bakin mata.

Al'ada kuwa, gaskiya ba ta taɓa cewa komai ba, shiru kawai ta yi. A zamaninmu sai gida ya yi tsit ake lallaɓawa turaka, a hure fitila, kafin asalatu an dawo ɗaki kamar ba a je ba. Ranar da za a kai ni, an yi mini lalle, an yi turare, tsofaffi suka zaunar da ni suka ce "yi, na yi, bari, na bari", shi ke nan huɗubar. Ba wadda ta ce mini ga abin da ake yi, balle ga wanda ba a yi. Shirun nan ne mutane suka ɗauka doka ce. Sai kuma tsoron maza na kada a ce mace ta hau kansu, a kira su mijin-ta-ce. To naki mijin da bakinsa ya nema, wannan tsoron bai dame shi ba. Kunya ado ce a gaban surukai da tsakar gida. Wadda ta kai ta har kan gadon mijinta, ita da shi duka take cuta. Na ga aure da yawa da ya yi sanyi ba faɗa ba zagi, sai don kowa ya kasa buɗe baki.

Zancen ciki kuma bar ni da shi, shekarun da na yi ina aikin ungozoma ba a banza ba. Ƙwayoyin maniyyi iyo suke yi da kansu zuwa mahaifa, ba gangara suke jira ba. Abin da ke zubowa bayan an gama ba ya nufin komai bai shiga ba. Kada ki ji tsoron zai hana ciki, kada kuma wata ta ruɗe ki cewa hanyar tazarar haihuwa ce.

Ni ma da kaina na sha ba mata shawarar su gwada. Mai tsohon ciki kwanciya rigingine tana wahalar da ita, nauyin miji a kan cikin ma ba daɗi. Wadda mijinta ke fama da ciwon baya ko ƙiba, nan ne sauƙinsu. Amaryar da ke jin zafi kuwa ita ta fi kowa amfana, don ita ke riƙe da linzami, ta san inda za ta tsaya da saurin da jikinta zai ɗauka. Mata da yawa sai a haka suke samun gamsuwar da ba su taɓa sani ba, kuma haƙƙinki ne kamar yadda yake nasa.

In za ki gwada, kada ki sa wa ranki sai kin iya a daren farko. Ku yi addu'ar da aka koyar, ku ɗauki lokaci a wasa har jiki ya saki. In idonsa ne ke ba ki kunya, rage hasken ɗakin, ko ki bar rigar barcinki a jiki. Ki durƙusa a kan gwiwoyinki, ki dafa ƙirjinsa ko kan gado, in cinya ta gaji ki kwanto a jikinsa ki huta. Shi ma ya jingina da filo ya tallafe ki. In abin ya zo da dariya ku yi dariyarku. In akwai bushewa, akwai man da ake sayarwa a kemis don wannan, ki rabu da tarkacen matsi da ake cusawa, na ga ɓarnar da suke yi.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: a hankali. Idan gaban namiji ya zame aka faɗo masa da nauyi yana iya lanƙwashewa ya ji mummunan rauni. An taɓa kawo mana wani magidanci da ya yi kwana biyu a gida da kumburi, kunya ta hana shi fita, matar tana bayansa ta rufe fuska da mayafi tana kuka. In aka ji ƙara kamar an karya kara, ga zafi ga kumburi, asibiti za a nufa a daren, ba ruwan zafi ba.

In kin gwada kin ji ba ki so, ki faɗa masa da lalama, ba dole a ciki, shi ma bai kamata ya matsa miki ba. Ƙawar nan taki kuma ki daina kai mata labarin shimfiɗarki, Annabi (SAW) ya yi kashedi mai tsanani a kan miji ko mata su fallasa sirrin juna. Wanka dai yana kanku ku biyun, ko wane ne a sama.

Ki goge saƙon nan in kin gama karantawa, ƙannen mijinki suna ɗaukar wayarki. Ina nan tafe bayan sallah da humrar da na yi miki alkawari. Ki gaida maigidan.